Shugaban jami'ar da ya so a haramta yaƙi

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar la'asar, na je Mabera gaida wani tsohon malamina da ya daɗe da yin ritaya. Na tarar da shi kan tabarma a gindin dogon yaro, da ƙaramar rediyonsa da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Hira ta kai mu ga wa'adin shekara 5 da doka ta yanka wa shugabannin jami'o'in tarayya a Najeriya, sai ya tambaye ni ko na taɓa jin mutumin da ya shekara 43 yana riƙe da jami'a guda. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ai wannan ya zama sarauta." Ya yi dariya, ya ce in je in karanta tarihin Nicholas Murray Butler, sannan in dawo mu ƙarasa.

An haifi Butler a 1862 a jihar New Jersey ta Amurka. A Jami'ar Columbia da ke New York ya yi karatu har ya samu digirin digirgir a falsafa a 1884, kuma ita ce ya shugabanta daga 1902 zuwa 1945. Amma abin da ya fitar da sunansa duniya shi ne fafutukar sulhu tsakanin ƙasashe. Yana cikin waɗanda suka shawo kan attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 a 1910 domin kafa gidauniyar wanzar da zaman lafiya mai ɗauke da sunansa, kuma daga 1925 Butler ne ya riƙe ta na tsawon shekara 20. Lokacin da sojojin Jamus suka ƙone ɗakin karatu na Jami'ar Louvain a Beljiyam a 1914, yana kan gaba wajen tara kuɗin sake gina shi bayan yaƙi. Wannan aiki ya fi kwanta mini a rai, watakila saboda mu a Sakkwato mun san darajar rubutun hannu da ba shi da kwafi na biyu.

Babban abin da ake tunawa da shi ya faru a 1927, sa'ad da ministan harkokin wajen Faransa, Aristide Briand, ya yi wa Amurka tayin cewa ƙasashen biyu su yi alkawarin ba za su ƙara yaƙar juna ba. Gwamnatin Amurka ta yi kunnen uwar shegu da maganar, sai Butler ya rubuta wasiƙa ga jaridar New York Times, ya tayar da batun har ya kai ga ba za a iya kau da kai ba. A watan Agusta na 1928 ƙasashe 15 suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar Kellogg da Briand (Kellogg shi ne sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin), wadda ta yi tir da ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar warware saɓani, daga baya kuma ƙasashe da dama suka bi sahu. A 1931 aka ba Butler lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya tare da Jane Addams, wata Ba'amurkiya mai fafutukar zaman lafiya.

Sai dai yarjejeniyar ba ta tanadi hukunci ga wanda ya karya ta ba. Tun kafin a miƙa wa Butler lambarsa, Japan ta riga ta afka wa yankin Manchuria na ƙasar Sin a watan Satumba na shekarar, kuma a 1935 Italiya, wadda ita ma ta sa hannu, ta mamaye Habasha. Wannan mamaya ba ta tsaya can nesa da mu ba, domin a 1941 sojojin Najeriya, cikinsu har da 'yan Arewa masu yawa, suna cikin rundunar da ta fatattaki Italiya daga can. Ban ɗora wa Butler laifin wannan ba, tunda takarda ba ta tare harsashi, ko da yake daɗewar da ya yi yana yabon Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ba ta yi masa kyau ba, haka nan tarbar da jami'arsa ta yi wa jakadan gwamnatin Hitler a 1933 duk da zanga-zangar ɗalibai.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne yadda ya yi da mutanen jami'arsa. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, mutumin da ya shafe shekaru yana wa'azin sulhu ya tashi gaban jama'ar jami'a ya gargaɗe su cewa abin da ake haƙuri da shi jiya a matsayin kuskuren fahimta, yau ya zama cin amanar ƙasa. A watan Oktoba aka kori malamai biyu. Ɗayansu, James McKeen Cattell, fitaccen masanin halayyar ɗan Adam, laifinsa shi ne ya rubuta wa 'yan majalisa yana roƙon kada a tura matasan da aka ɗauka soja dole zuwa Turai ba da son ransu ba. Na taɓa zama a wani taron malamai inda shugaba ya buɗe jawabi da ayoyi kan shawara da haƙuri, amma da wani ƙaramin malami ya ɗaga hannu ya saɓa masa, kafin mako ya zagayo takardar tuhuma ta iske shi a ofis. Saboda haka labarin Cattell bai zo mini a baƙo ba.

Da na koma Mabera na zayyana wa Malam duk wannan, ya rage ƙarar rediyo, ya tambaye ni ko babu wanda ya tsaya wa waɗanda aka kora. Na ce masa akwai masanin tarihi Charles Beard, wanda shi kansa yana goyon bayan shiga yaƙin, amma ya ajiye aikinsa domin nuna rashin amincewa da korar. A 1919 Beard da wasu abokansa suka buɗe wata sabuwar makaranta ta nazarin zamantakewa a cikin birnin New York ɗin, kuma tana nan har yau. Butler kuwa ya ci gaba da zama kan kujerarsa har idanunsa suka gaza, ya sauka a 1945, ya rasu a watan Disamba na 1947. Malam ya ce in rubuto masa sunan Beard a takarda da manyan baƙaƙe, domin shi ma idon ya fara yi masa gardama.