Kwana Biyu a Fadamar Baturiya a Lokacin Kaka

Tun ina yaro a birnin Kano na san cewa shamuwa tana da lokacinta: da faɗuwar damina take sauka a kan tsamiya da kuka, idan kuma ruwa ya ɗauke sai a wayi gari babu ita, ta nufi kudancin Afirka. Abin da ban sani ba sai da na girma shi ne, a daidai lokacin da take yi mana sallama waɗansu baƙin tsuntsayen suke shigowa daga Turai, bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara don gudun sanyin ƙasashensu. Domin ganin waɗannan baƙi ne na loda tanti da gidan sauro a mota a farkon Nuwamba, na ɗauki ɗan ƙanwata, muka fita ta Yankaba bayan sallar asuba.

Mun bi ta Gezawa da Gumel da Malam Madori har Haɗejiya. An riga an ɗaure dammunan gero, dawa ta sunkuyar da kai, gawo kuwa ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba idan sauran itatuwa suna shirin kaɗe nasu. Sau ɗaya muka tsaya, saboda wani jan biri da ya gilma da gudu ya faɗa gona.

Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jihar Jigawa, wani yanki ce na fadamar Haɗejiya da Nguru, kuma a 2008 aka sanya ta cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Mun fara gaida mai unguwa, shi ne ya haɗa mu da wani dattijo masunci, wanda ya nuna mana tudun da muka kafa tanti a gindin goruba.

Kafin gari ya waye sarai fito ya tashe mu. Kirinjijiya ce garke guda take wucewa ta kanmu, fuskokinsu farare tas. Da muka shiga kwalekwale sai ga dinya tana kiwo a bakin ruwa, ga zalɓe ya ƙame kamar an dasa shi, ga wani tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado ba tare da ya nutse ba. Can gaba dattijon ya rage tuƙi, ya nuna mana waɗansu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, ba su kai rabin agwagwar gida ba. Yaron ya daɗe da madubin hangen nesa a idonsa, sannan ya ce, "Kawu, yanzu waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka ƙetare Sahara?" Ni ma abin da yake raina ke nan.

Gauraka ce ba mu gani ba, alhali ita na fi ɗokin nuna masa. Da na tambaya, sai dattijon ya ce, "Malam, ai an kwana biyu," ya ci gaba da tura kwalekwalen ta cikin kacala. Wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, kuma cikinta jan-baki yake kwana ya fito ya afka wa shinkafar manoma.

Wannan magana ta shafe mu mu Kanawa kai tsaye, domin kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamar duk shekara ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana magudanai bushewa, kacala ta samu wurin zama. Ba na ƙin madatsun nan, don shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga ruwan Tiga suke, kuma ina cin su. Sai dai ina ganin wajibi ne masu tsara sakin ruwa su riƙa tunawa da masuncin Baturiya da makiyayin da ke jiran ciyawar fadama.

A hanyar komawa tanti mun ga guza yana shan hantsi a kan wani kututture. Mun yi alkawari da dattijon cewa za mu dawo a Janairu, lokacin da baƙin suka gama hallara, daga nan mu zarce matattarar tsuntsaye ta Dagona a Jihar Yobe ko Allah zai sa mu dace da gauraka.