Kunyar da ta ci gonar 'ya'yana

Maigidana ya rasu a 2016, ya bar ni da yara uku a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Ya bar gona biyu, ta tudu da muke shuka gero da riɗi, da ta fadama, sai shanun huɗa guda biyu. Ina cikin takaba wansa ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Amarya, ki kwantar da hankalinki, ni zan riƙe wa marayu gonakin nan har su kawo ƙarfi." Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Ba shaida, ba takarda, ko mai unguwa ba a kira ba.

Na san haƙƙina fa. Ko a Islamiyya an koya mana matar mamaci mai 'ya'ya tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas na gado, kuma dukiyar maraya amana ce. Amma ina tsoron a ce ƙabarin mijinta bai bushe ba tana zancen gado.

Kakar farko an kawo mana gero dami goma sha biyu. Ta biyu, bakwai. Daga nan sai aike da kwano. Shanun kuwa, wata Lahadi aka kai su kasuwar Gujungu, wai sun tsufa, ban ga ko sisi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, katanga ɗaya ce tsakanin 'ya'yana da na Baffansu, kakansu ɗaya. Nasa suna hawa keke zuwa sakandare, babbana yana bin gonakin mutane ƙwadago. Wata safiya na ga autana ya leƙa ta tsagar ƙyaure yana kallon su suna shan shayi da burodi, yana ganina ya yi kamar takalminsa yake nema. A nan na ƙara tafka wani kuskuren: don kada a raina su, Sallah na zuwa na sayar da akuya mai ciki na ɗinka musu shadda. Shaddar ta koɗe, akuyar da ta haifa mana kuɗin littafi ta tafi. 'Yata ta bar aji biyar, na ɗora mata farantin talla.

Ƙannena mata, in Allah ya jarrabce ki da wannan, ki bari takaba ta fita, wata 4 da kwana 10, sannan ki tura waliyyinki a kira malami da dagaci a raba gado. A zaga iyakar gona da shaidu, a rubuta rabon kowane yaro, takardar ta kwana a akwatinki. In Baffa zai noma, a faɗi dami nawa zai riƙa kawowa a gaban mutane. Kada kuma ki taɓa abin kiwo saboda kayan Sallah.

Ni sai bayan ambaliyar 2022, da ɗakinmu ya faɗi, na buɗe baki. An zauna a zauren dagaci, aka dawo mana da ta tudu. Ta fadama ashe tuni an jinginar da ita, har yau muna zuba adashi don mu fanso ta.