Ranar da Na Rubuta Cewa "An Zaɓi" Rishi Sunak

Ranar Litinin 24 ga Oktoba 2022 ni ne a kan teburin labaran ƙetare a gidan rediyon da nake aiki, kuma a lokacin ban cika shekara ɗaya da fara aikin ba. Da misalin ƙarfe biyu na rana, wanda ya yi daidai da ƙarfe biyun Landan domin a wannan lokacin na shekara agogonmu da nasu tare suke tafiya, labari ya shigo cewa Penny Mordaunt ta janye daga takarar shugabancin jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau, kuma Rishi Sunak ne kaɗai ya rage. Na zauna cikin gaggawa na rubuta kanun labarin kamar haka: "An zaɓi Rishi Sunak a matsayin sabon firaministan Birtaniya, yayin da jama'ar ƙasar ke murnar kafa tarihi." Mai karanta labarai ya karanta shi a labaran ƙarfe huɗu, ni kuwa na ci gaba da sauran ayyukana da natsuwar wanda ya sauke nauyi.

Bayan la'asar wani dattijo ya bugo waya. Tsohon malamin makaranta ne da duk ma'aikatan gidan suka san muryarsa, domin da wuya mako ya wuce bai kira ya yi gyara ko tambaya ba. Aka haɗa shi da ni. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Ɗana, na ji kun ce an zaɓi wannan bawan Allah. To, da ƙuri'a nawa ya ci, kuma wa ya kayar?" Na ce: "Baba, bari in duba." Na duba duk rahotannin da ke gabana ban sami adadi ko ɗaya ba, saboda babu wanda ya kaɗa ƙuri'a a wannan rana.

Babban editanmu yana jin hirar daga teburinsa. Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, sai da ɗakin labarai ya yi sauƙi ya kira ni, ya ajiye takardar a gabana, ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku: "zaɓi", "firaminista" da "jama'ar". Ya ce: "Malam, kowacce daga cikin waɗannan sai ka kawo mini hujjarta kafin gobe da safe." Na ce: "To, ranka ya daɗe." A wannan daren ne na koyi abin da har yanzu nake aiki da shi.

Kalma ta biyu ce mafi sauƙi. A ranar Litinin ɗin Sunak shugaban jam'iyya ne kawai, kuma bai zama firaminista ba sai washegari, 25 ga Oktoba, lokacin da ya je fadar Buckingham Sarki Charles III ya umarce shi da ya kafa gwamnati. Kalma ta farko kuwa ta tilasta mini komawa baya in fahimci tsarin da nake ba da labarinsa ba tare da na san shi ba. A Birtaniya jama'a ba sa zaɓen firaminista kai tsaye, 'yan majalisa suke zaɓa, kuma shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi ake bai wa mulki. Babban zaɓe na ƙarshe kafin wannan rana shi ne na Disamba 2019, wanda Boris Johnson na jam'iyyar Conservative ya lashe da kujeru 365. Da ministocinsa suka yi ta ajiye aiki a Yuli 2022, cikinsu har da Sunak ɗin da yake ministan kuɗi, Johnson ya sauka, aka bai wa 'yan jam'iyya masu kati, su kimanin 172,000 a ƙasa mai mutum wajen miliyan 67, damar fitar da magajinsa. A wannan zaɓen Liz Truss ce ta kayar da Sunak da ƙuri'a 81,326, shi kuma ya sami 60,399. Truss ta yi kwana 49 kacal a kan mulki, domin ƙaramin kasafin kuɗin da ministanta Kwasi Kwarteng ya gabatar a ranar 23 ga Satumba, mai ɗauke da rage haraji mai yawa ba tare da bayyana inda za a cike giɓin ba, ya sa darajar fam ta faɗi warwas har sai da Babban Bankin Ingila ya shiga tsakani. Da ta sanar da murabus a ranar 20 ga Oktoba, jam'iyyar ta gindaya sharaɗin cewa duk mai son takara sai ya kawo goyon bayan 100 daga cikin 'yan majalisar jam'iyyar 357. Johnson ya katse hutunsa ya dawo, sannan ya janye ranar Lahadi, Mordaunt ta bi sahu ranar Litinin. Ke nan mutumin da na ce "an zaɓa" shi ne wanda 'yan jam'iyyarsa suka ƙi makonni bakwai kafin nan, kuma a wannan karon ko tambayarsu ba a yi ba. Mai sauraron da ya ji kalmar "zaɓe" a Hausa, layi da akwati da ƙidaya yake hangowa, don haka ko da ban yi ƙarya da gangan ba, na dasa masa hoton abin da bai faru ba.

Kalma ta uku ce ta cinye mini dare. Da na tambayi kaina inda na samo cewa "jama'ar ƙasar na murna", sai na tarar cewa daga hotuna na ɗauko. Ranar ta zo daidai da Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, kuma tashoshin talabijin na Indiya sun cika da fitilu da alewa da mutane masu tafi. Akwai kuma hotuna daga wurin ibadar Hindu na Southampton, garin da aka haifi Sunak a 1980. Murnar gaskiya ce, kuma tana da dalili: shi ne ɗan asalin Indiya na farko, kuma mabiyin Hindu na farko, da ya hau wannan kujera, yana da shekara 42, wato mafi ƙarancin shekaru cikin sama da shekara 200. Amma yawancin waɗanda na gani suna murnar ba a Birtaniya suke zaune ba, waɗanda ke can ɗin kuwa ba su ne duka jama'ar ƙasar ba.

Na ɗauki takardu na fara ware muryoyin da nake da su, kowacce da mai ita. Jam'iyyar adawa ta Labour ƙarƙashin Keir Starmer da shugabar gwamnatin Scotland Nicola Sturgeon suna kira a yi babban zaɓe, suna cewa firaminista na uku cikin wata biyu ba shi da izinin jama'a. Wasu 'yan Conservative masu kati suna ƙorafin cewa 'yan majalisa sun ƙwace musu haƙƙinsu. Kasuwannin kuɗi sun lafa, domin suna kallonsa a matsayin mai taka-tsantsan da aljihun gwamnati, wanda tun a lokacin takara ya gargaɗi Truss kan shirinta. A Indiya ma murnar ba ta tafi da baki ɗaya ba: firaminista Narendra Modi ya taya shi murna, amma wasu 'yan adawa sun yi tambaya ko ɗan tsiraru zai iya kaiwa wannan matsayi a Indiyar yau, magoya bayan gwamnati kuma suka mayar musu da martani da sunan Manmohan Singh, mabiyin addinin Sikh da ya yi firaminista shekara goma, da na Abdul Kalam, Musulmin da ya yi shugaban ƙasa.

Wajen ƙarfe goma na dare na kira wata ƙanwata, 'yar baffana, da ke aikin kula da tsofaffi a Manchester. Na same ta ta dawo daga aiki tana dumama abinci. Na tambaye ta ko mutane na murna a unguwarsu. Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce: "Yaya, ni yau abin da na yi tunani a kai shi ne katin mita." Ta bayyana mini cewa a gidan da take haya sai ta je shago ta sa kuɗi a kati kafin wuta da gas su yi aiki, kuma kuɗin da a bara yake kai ta mako, yanzu kafin makon ya ƙare mita ta fara kuka. Ta ce abokan aikinta, har da 'yan asalin Indiya da Pakistan, sun yi maganar Sunak a lokacin hutun shan shayi, wasu sun ji daɗin ganin mai kama da su a wannan matsayi, amma maganar ba ta daɗe ba ta koma kan dukiyarsa. Jaridar Sunday Times ta ƙiyasta arzikinsa da na matarsa Akshata Murty, 'yar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin fasaha na Indiya, Infosys, a kan fam miliyan 730 a wannan shekarar, kuma a watan Afrilu an yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda matar ba ta biyan harajin Birtaniya a kan kuɗin da take samu a waje. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 10.1 cikin ɗari a Satumba, ta kuma hau 11.1 a Oktoba, ma'aikatan jirgin ƙasa na yajin aiki, ma'aikatan jinya na kaɗa ƙuri'ar shiga nasu, tambayar da ta fi damun irin su ƙanwata ita ce ko mai wannan dukiya ya san farashin madara da burodi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ni kuwa daga waje na leƙa na yaba fentin bango.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gane cewa ni ma ina cikin masu murnar, kuma murnata ce ta rubuta kanun labarin. Labarin ɗan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya, wanda aka haifi mahaifinsa a Kenya da mahaifiyarsa a Tanganyika, ya hau kujerar mulkin ƙasar da ta taɓa mallakar Indiya da Kenya da Najeriya, labari ne mai daɗin faɗa, kuma na so ya zama shi ne labarin gaba ɗaya. Ban ga laifin wanda ya ji wannan daɗin ba, kuma har yanzu ina ganin abin tarihi ne. Laifin shi ne in ɗauki abin da ke raina in laƙaba wa mutum miliyan 67.

Washegari a shirinmu na kiran waya na ga wannan abu a fili daga bakin masu sauraronmu. Kusan duk wanda ya kira, da Sunak yake farawa amma da Najeriya yake ƙarewa. Saura wata huɗu a yi zaɓen Fabrairu 2023, ana tsaka da muhawara kan addini da yanki da shekarun 'yan takara, don haka wani ya ce ga Turawa sun bai wa ɗan shekara 42 mulki mu muna nan da tsofaffi, wani ya ce ga ƙasar da ba ta tambayi addinin mutum ba, wani kuma ya ce ai 'yan majalisa ƙalilan ne suka naɗa shi kamar yadda daliget ke yi a zaɓen fitar da gwani a nan. Ra'ayoyi ne masu amfani, kuma na rubuta su a rahoton yamma, amma a ƙarƙashin sunansu na gaskiya, wato abin da masu sauraronmu ke cewa, domin damuwar gida ce suke bayyanawa ta hanyar labarin waje. Tun daga ranar, duk lokacin da rahoto ya zo mini da cewa mutane sun yi murna ko sun yi tir, nakan nemi sanin su waye, a ina suke, su nawa aka ji, kuma mene ne nasu a cikin lamarin.

Na kuma koyi haƙurin bin labari bayan ranar farko. A jawabinsa na ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing, wato gidan firaminista, Sunak ya amince an yi kurakurai, ya yi alkawarin gwamnati mai gaskiya da ƙwarewa da riƙon amana. A ranar ce kuma ya mayar da Suella Braverman kujerar ministar cikin gida, kwana shida bayan ta sauka saboda saɓa ƙa'idar aiki. Waɗanda suka ɗauka cewa ɗan baƙi zai sassauta wa baƙi sun ga akasin haka: gwamnatinsa ta riƙe shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda har bayan Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa doka a Nuwamba 2023, kuma a Mayu 2023 ta sanar da cewa daga Janairu 2024 yawancin ɗaliban ƙetare ba za su ƙara zuwa da iyalansu ba, matakin da ya fi shafar 'yan Najeriya. Sai a ranar 4 ga Yuli 2024 aka tambayi jama'ar Birtaniya da kansu, kuma jam'iyyarsa ta tashi da kujeru 121, mafi ƙaranci a tarihinta. A wannan daren na rubuta "zaɓe" da "jama'a" ba tare da fargaba ba, domin ga akwati ga adadi.

Wata huɗu bayan nan, ranar Asabar 2 ga Nuwamba 2024, jam'iyyar ta fitar da Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan ta girma a Legas, a matsayin sabuwar shugabarta. Wata sabuwar ma'aikaciya da aka haɗa ni da ita ta kawo mini rubutunta, inda ta ce 'yan Najeriya na alfahari da nasarar 'yarsu. Na ce mata: "Malama, zauna mu duba tare." Muka nemo adadin, ƙuri'a 53,806 na 'yan jam'iyya a kan 41,388 na Robert Jenrick, muka rubuta cewa jagorar adawa ta zama, sannan ta ɗauki rikoda ta fita bakin kasuwa domin ta ji ko waɗanda za ta tarar a can sun ma san sunan.