Abin da tarihin tiyatar lobotomi ya koya mini

A karatunmu na jinyar masu taɓin hankali muka haɗu da tarihin lobotomi, tiyatar da ake tsinke jijiyoyin da suka haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassanta. Wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ne ya fara ta a Lisbon a 1935, har aka ba shi kyautar Nobel a 1949. Manyan likitoci ne suka yi wannan aiki da rana tsaka, duniya tana yi musu tafi, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

A Amurka, Walter Freeman, wanda ko likitan fiɗa ba shi ba ne, ya ƙara sauƙaƙa abin a 1946. A sumar da majiyyaci da wutar lantarki, a zura tsinken ƙarfe ta saman ƙwayar ido, a buga da guduma har ya huda ƙashi, a jujjuya shi a cikin ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan mintoci an gama. Mutum sama da 3,000 suka bi ta hannunsa, har da yara.

Me ya sa aka amince? Asibitoci sun cika maƙil, babu magani mai aiki, ma'aikata sun gaji. Wanda ke ihu jiya, yau yana zaune bai ce uffan ba, sai a rubuta ya samu sauƙi. Sauƙin kuwa na ma'aikatan jinya ne da dangi. Rosemary Kennedy, ƙanwar John F. Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, tana da shekara 23 mahaifinta ya sa aka yi mata a 1941. Ta fito ba ta iya tafiya ko magana sosai, a hannun masu kula da ita ta ƙare rayuwarta a 2005. Wallahi duk sanda na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa a wajen karɓar aiki, idan aka ce mini "wane ya natsu, bai ba mu wahala ba," nakan je gadonsa in duba da kaina. Ya ci abinci da hannunsa? Ya gane ɗan'uwansa da ya zo dubiya? Ko allura ce kawai ta danne shi? Shi kansa me ya ce game da jikinsa?

Tarayyar Sobiyet ta haramta tiyatar tun 1950, maganin taɓin hankali na chlorpromazine ya fito a Faransa a 1952, amma Freeman bai ajiye tsinkensa ba sai 1967, bayan wata mata ta rasu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, a karo na uku da ya yi mata.