Kalmar wend da na soke wa ɗalibata da jan biro

Har yau abin nan yana cina wallahi. Ina makin insha'in 'yan SS2, wata yarinya ta rubuta "they wended their way home", ni kuma ko tsayawa ban yi ba na zagaye wended da jan biro na rubuta went a sama, na zabge mata maki biyu. Na ɗauka irin goed ɗin nan ne da yara ke ƙirƙira. Washegari ta zo da ƙamus ɗin yayanta ta buɗe, murya ƙasa ƙasa ta ce Malam ga shi nan. A gaban aji fa.

Daren ranar ban yi barci da wuri ba, na sa data na shiga bin asalin kalmar, abin da na tarar shi ya ƙara min kunya. Wend aikatau ne mai zaman kansa, a tsohon Turanci wendan ake cewa, ma'anarsa juyawa ko kama hanya, har yanzu Jamusawa na cewa wenden, kuma dangin wind ne na naɗewa da wander na gararamba. To ashe went ɗin da na "gyara" mata da shi ma na wend ne tun asali! Shi go nasa na shuɗaɗɗen lokaci ēode ne, ya koma yede, sai wajen ƙarni na 15 went ya ture shi ya zauna a gidan go, wend ya rasa nasa dole aka yi masa sabo, wended. Wato yarinyar ta kawo mai gida ni na kore shi na sa ɗan haya.

Shekara tara ina cewa yara go went gone ku haddace kawai, ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa go da went ba, ko harafi ɗaya ba su haɗa ba.

Malamai 'yan uwana don Allah in kalma ta yi muku baƙunta ku ajiye biron tukunna, ƙamus na cikin wayarku, minti ɗaya ne. Na mayar mata makinta na ba ta haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta, amma insha'inta biyu da suka biyo baya duk ƙananan kalmomi ta yi ta jerawa, ko ɗaya ba ta ƙara ɗaukowa daga littattafan da take karantawa ba, shi ne ma ya fi damuna.