Yadda na tsara kiɗan okestira a kan 'yar ruwan Baturiya

Kiɗan okestira (babbar ƙungiyar makaɗa) mai ba da labari, wato symphonic poem, wanda mai tsara kiɗa Franz Liszt ya shahara da shi a shekarun 1850, ba shi da baiti ko amshi. A jere yake tafiya ba yankewa, kayan kiɗa ne ke ba da labari. Nawa minti 12 ne, a kan masunci da 'yar ruwa a dausayin Baturiya, ƙasar Haɗeja.

Kari ɗaya tak na gina shi a kai, mai sauti biyar (do, re, mi, so, la), irin wanda kunnenmu ya saba da shi. Shi ne 'yar ruwan. Da asuba sarewa ke busa shi a hankali, in hadari ya haɗo ƙahonni huɗu su karɓe shi da ƙarfi, in ta nutse kuma manyan goge masu kaurin murya su ja shi ƙasa. Ban yarda da jibga kari iri-iri ba, mai sauraro ɓacewa yake yi. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi kuwa, 'yar gajeriyar busa ta ishe su.

Wahalar tana wurin rabon aiki. Sarewa in ta yi ƙasa, goge ashirin sai su danne ta, don haka ko a ɗaga ta sama, ko a rage gogen zuwa huɗu. Obo, wani abin busa na Turawa, na ba gurbin algaita, amma fa mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa, kumatu a kumbure. Yawancin masu obo ba haka suke ba, shi ya sa nake bar musu wurin numfashi bayan kowane gaɓa huɗu zuwa takwas (gaɓa ita ce ɗan yankin da ake ƙidaya kiɗa da shi). Tamfani, babbar gangar okestira mai feda, yana iya lanƙwasa murya kamar kalangu, sai dai ƙafa ba ta kai hammata sauri, dole a sassauta wurin.

Sai rubutu. Kilarinet (wani abin busa) mai muryar si filat ana rubuta masa sauti ɗaya sama da abin da za a ji, ƙaho mai muryar fa kuma sauti huɗu sama (in do za a ji, so ake rubutawa), in ba haka ba ranar gwaji kowa nasa zai busa. MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, na yin wannan juyin da kanta, amma kada a amince da sautinta wajen auna ƙarfi: a lasifika sarewa da ƙaho kusan kai ɗaya suke, a zaure kuwa ƙaho ɗaya yana iya rufe ta.