Kaurin gashi biyu

Yau da safe aka mayar da jirgin da muke gyara a Apapa, Legas, cikin ruwa, sai Maigida ya ce a kwance notocin da suka haɗa sandar farfela da giyabos, a sake awo. Wallahi raina ya sosu, don kwana uku na yi a durƙushe ina saita su tun jirgin yana kan tudu. Na zura siririn ƙarfen awo tsakanin fuskar sandar da ta giyabos, inda suke haɗuwa: ta sama ya shige sumul, ta ƙasa ya cije. Bambancin milimita 0.15 ne, kamar kaurin gashi biyu. Maigida ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarona, aikinka ya yi. Ruwa ne ya ɗauki jirgin, gangar jikinsa ta ɗan lanƙwasa." Da an bar shi haka, boris ɗin da sandar ke juyawa a cikinsa zai yi zafi, jijjiga ta cinye shi a tsakiyar teku.

Muka yi ta cusa siraran ƙarafa ƙarƙashin ƙafafun injin har la'asar. Da na juya sandar da hannuna ta tafi lumui, sai da na ji ƙwalla. Har yanzu ina tunanin ma'aikatan da za su kwana a kan wannan awon namu.